Tamari, soya sos ɗin Japan marar alkama: abin da yake da yadda ake girki da shi

Tambayar ta fito ne daga wata uwa. Likita ya hana 'yarta duk wani abu da aka yi da alkama, bayan gwaji ya nuna tana da cutar siliyak, wadda gulutin ɗin da ke cikin alkama ke lalata wa mai ita hanji. Uwar ta saba zuba soya sos a soyayyar shinkafa da naman kaza, sai ranar nan ta juya bayan kwalbar ta ga an rubuta alkama a jerin kayan haɗi. Wata ta ce mata ta nemi wani na Japan da ake kira tamari. Tana so ta san ko mene ne shi, ko da gaske babu alkama a ciki, ko ana zuba shi yadda ake zuba wanda ta saba, sannan ko akwai barasa a cikinsa.

Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya, ya raya miki ita. Kin yi daidai da kika karanta bayan kwalba, domin mutane da dama suna jin sunan soya sos sai su ɗauka waken soya ne zalla. Shawarar da aka ba ki mai kyau ce, amma da saura. Tamari shi ne nau'in da ake yi da waken soya kusan zalla, kuma da yawa daga cikinsa babu ko ƙwayar alkama. Sai dai ba kowace kwalba mai sunan tamari ce ta kuɓuta daga alkama ba, kuma a nan ne ake yin kuskure mai cutarwa. Zan zo kan wannan da kyau. Kafin nan ina so ki san abin da kike saye, don in kika ɗauke shi a matsayin maneji na marasa lafiya, za ki yi ta zuba shi inda bai dace ba, ki kuma rasa inda ya fi kowane soya sos daɗi.

A Japan hukuma ta kasa soya sos, wanda su suke kira shoyu, gida biyar. Wanda duniya ta sani, irin na kwalbar Kikkoman mai jan murfi, sunansa koikuchi, kuma shi ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke yi. Ana haɗa shi da waken soya da gasasshiyar alkama kusan rabi da rabi. Alkamar ba don a ƙara auki ake sa ta ba. Sitacin da ke cikinta ne ke narkewa ya zama sukari, yis ya ci sukarin ya fitar da 'yar barasa da ɗaruruwan sinadaran ƙamshi, shi ya sa da kin buɗe kwalbar ƙamshi ke tarar hancinki. Akwai usukuchi na yankin Kansai, mai hasken launi da yawan gishiri. Akwai saishikomi da ake tsimawa sau biyu. Akwai shiro na garin Hekinan, wanda kusan duk alkama ne, launinsa kamar na shayi marar kauri. Na biyar shi ne tamari, wanda bai wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba, kuma kusan dukkansa daga jihohi uku yake fitowa a tsakiyar ƙasar, wato Aichi da Mie da Gifu, kewayen birnin Nagoya.

Duk da ƙarancinsa a kasuwa, shi ne tsohon gida. Labarin da Japanawa ke bayarwa shi ne wani malamin addinin Buda mai suna Kakushin ya dawo daga ƙasar Sin a shekarar 1254 da hanyar yin wani irin miso, wato markaɗen wake da ake tsimawa da gishiri. Ya zauna a yankin da yanzu ake kira Wakayama, mutanen garin Yuasa suka koya, sai suka lura ruwan da ke taruwa a gangar mison ya fi komai daɗi a girki. Labarin baka ne, amma abin da yake nunawa gaskiya ne: soya sos na farko a Japan ruwan miso ne, kuma tamari ne ya gaji wannan. Zuba alkama da yawa daga baya ya zo, a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, lokacin da masu sana'ar a garuruwan Choshi da Noda suka samar da koikuchi don ciyar da babban birnin da yau ake kira Tokyo.

Mutanen kewayen Nagoya ba su bi wannan hanya ba, kuma suna da dalili. Daminarsu tana da zafi da gumi sosai, miso ɗin da aka yi da wake zalla shi ne ke jure irin wannan yanayi ba tare da ya yi tsami ba. Har gobe a garin Okazaki ana yin wani miso mai suna Hatcho da wake da gishiri da ruwa kawai, a manyan gangunan katako da ke ɗaukar kusan tan 6, a jera duwatsun kogi masu nauyin kusan tan 3 a sama kamar dala, a bar shi sama da shekara biyu. Tamari ɗan'uwan wannan miso ne, ciki ɗaya. Garin Taketoyo da ke gaɓar teku a jihar Aichi yana cikin wuraren da gidaje kaɗan suka rage suna yin sa ta tsohuwar hanya.

Yadda suke yi ya cancanci a tsaya a kai, don a nan ne ɗanɗanonsa yake samo asali. Ana jiƙa waken a turara shi har ya yi laushi, a mulmula shi ƙananan dunƙule, a barbaɗa masa irin wata fumfuna mai amfani da suke kira koji. Sai a shimfiɗa a ɗaki mai ɗumi kwana uku ko kusa da haka, har fumfunar ta lulluɓe kowane dunƙule. Daga nan a zuba a ganga, a ƙara ruwan gishiri, a danne da duwatsu. Ruwan da ake zubawa kaɗan ne in aka kwatanta da na koikuchi, a mafi tsadar tamari ma rabin yawan waken ne kacal. Saboda haka abin da ke cikin gangar ya yi kaurin da ba ya juyuwa da muciya ko sanda. Dabarar da suka yi ita ce su kafa wani bututu a tsakiyar gangar, ruwa ya riƙa tsattsafowa yana taruwa a cikinsa, ma'aikaci ya hau saman ganga da ludayi mai dogon hannu yana ɗebowa yana kwararawa a kan duwatsun, ruwan ya sake ratsa waken ya gangara. Haka za a yi ta yi, shekara biyu, wani lokaci uku. Wanda ya zubo da kansa daga ƙasan ganga ba tare da an matse ba shi ne mafi daraja, baƙi wuluk, yana ɗiga a hankali, in kika ɗiga a farin faranti za ki ga gefensa ja ne. Manyan masana'antu na yau suna yi a tankunan ƙarfe cikin watanni, amma tushen aikin ɗaya ne.

A duk tsawon wannan lokaci koji yana farfasa furotin ɗin wake ne zuwa ƙananan sinadarai, babba a cikinsu shi ne gulutamet. Wannan sinadarin ne wani masani Bajapane, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908, ya sa wa ɗanɗanonsa suna umami, kuma daga bincikensa aka fara yin Ajinomoto, farin magin da muka sani. Ke da kika tashi da miyar daddawa ba baƙuwar wannan ɗanɗano ba ce. Abin da daddawa ke yi wa miyar kuka, ta cika baki ta zaunar da miya, shi ne tamari ke yi wa abincin mutanen Nagoya, kuma duka biyun 'ya'yan tsiro ne, kalwa da wake, da aka bari ƙananan halittu suka narkar da furotin ɗinsu. Tun da wake ya fi alkama furotin nesa ba kusa ba, tamari ya fi koikuchi wannan garɗin, ya fi shi kauri da duhu. Abin da ya rasa shi ne kaifin ƙamshi. Ki riƙe wannan, don duk maganar girki da za mu yi a kansa ta rataya.

Yanzu batun lafiyar yarinya, wanda shi ne ya kawo ki. Ƙa'idar Japan ta yarda a kira abu tamari ko da an sa masa 'yar alkama, kuma gidaje da yawa suna sawa don su samu ɗan ƙamshi. Bajapane mai sayen tamari a Nagoya ba gudun alkama yake yi ba, daɗin yake nema. Akwai kuma wani ruɗani da ya faru a ƙasashen Turai da Amurka wajen shekarun 1960, lokacin da masu yaɗa wani tsarin cin abinci na George Ohsawa suka riƙa sayar da soya sos na gargajiya mai alkama da sunan tamari, don su bambanta shi da na sinadari. An gyara daga baya, amma wannan ya isa ya nuna miki suna kaɗai ba shaida ba ne. Abu biyu za ki duba kowane lokaci. Na farko jerin kayan haɗi: wake, gishiri, ruwa, wani lokaci da barasa. In kika ga "wheat" a Turanci, ko "blé" a Faransanci, ko wannan alama 小麦 a rubutun Japan, ajiye kwalbar. Dokar Japan ta tilasta a rubuta alkama in dai tana ciki, don haka wannan alamar abin dogaro ce. Na biyu ki nemi rubutun "gluten free". A ƙa'idar duniya, wadda Amurka da Tarayyar Turai ke bi, ba a wannan rubutu sai gulutin bai kai miligiram 20 a kowane kilo ba. Muhimmancinsa shi ne masana'anta ɗaya tana iya yin mai alkama da marar alkama da injina ɗaya, rubutun ne ke nuna an kula da wannan. Kamfanin San-J, wanda asalinsa daga garin Kuwana ne a jihar Mie tun 1804, ya buɗe masana'anta a jihar Virginia ta Amurka a 1987, shi ne ya fi yaɗa tamari marar alkama a wajen Japan. Kikkoman ma yana da nasa marar gulutin, amma kwalbarsa daban ce da wadda aka saba gani, kada kamannin tambari ya ruɗe ki.

Za ki iya jin wasu na cewa ai ko soya sos mai alkama ba ya cutar da mai siliyak, don tsimawar watanni ta riga ta farfasa gulutin ɗin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tsimawa tana farfasa shi ƙwarai. Matsalar ita ce gwajin da ake da shi ba ya iya auna gutsattsarin gulutin daidai bayan ya farfashe, shi ya sa a 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce abin da aka tsima ba zai ɗauki sunan marar gulutin ba sai kayan da aka yi shi da su ba su da gulutin tun kafin a tsima. Ni ba zan gwada wannan a hanjin yaro ba, kuma ba na ba ki shawarar ki gwada. Cutar siliyak tana ɓarna ko da ba a ga alama a fili ba, a yara kuma ɓarnar kan fito ne a rashin girma da ƙarancin jini.

Ki kuma kula da maƙwabtan kwalbar a kan kanta. Baƙin soya sos na ƙasar Sin mai kauri yana kama da tamari a ido, amma yawanci akwai alkama a ciki, baƙinsa kuma na ƙonannen sukari ne da aka ƙara. Miyar kawa ta kwalba, wato oyster sauce, da teriyaki da aka riga aka haɗa, wato haɗin soya sos mai zaƙi na shafa wa nama, da wasu dunƙulen magi, duk suna iya ɗauke da garin alkama. Akwai kuma masu arha da ba a tsima su ba sam, ana dafa furotin ne da asid cikin kwana biyu ko uku a ƙara launi, ɗanɗanonsu gishiri ne da ɗaci. Ko ba alkama a ciki ba su kai a sa su a abincin yaro ba.

Maganar barasa kuma, hukunci na malamai ne, nawa shi ne in gaya miki yadda abin yake don ki kai tambayar daidai. Koikuchi da aka tsima yana ɗauke da barasa wajen kashi 2 cikin 100, wadda ta samu da kanta daga sukarin alkama. Tamari na wake zalla kusan ba ya haifar da ita, tun da babu sitacin da yis zai ci. Amma saboda wannan rashin ne ma wasu kamfanoni ke zuba 'yar barasa a ƙarshe don kada fumfuna ta hau bayan an buɗe kwalba, kuma suna rubutawa a jerin kayan haɗi. San-J na cikin masu yin haka. A kwalbar Japan za ki gan ta a rubuce 酒精 ko アルコール. Akwai tamari da babu komai cikinsa sai wake da gishiri da ruwa, akwai kuma masu hatimin halal, musamman waɗanda ake kai wa Malesiya da Indonesiya. Wanda zai fi jan hankalinki a girkin Japan shi ne mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, wanda barasarsa ta kai kashi 14 cikin 100, kuma hanyoyin girki da tamari da yawa suna kiran sunansa. Zuma ko sukari da ɗan ruwa suna tsaya masa, ni da su nake koyarwa.

To mu shiga madafa. Amsar tambayarki ta ko ana zuba shi daidai da wanda kika saba ita ce e, cokali a madadin cokali, abinci ba zai ɓaci ba. Amma zai fito da ɗan duhu, ƙamshinsa a kwance, daɗinsa a zurfi. A harshe za ki ji kamar bai kai wancan gishiri ba, alhali gishirinsu kusan ɗaya ne, garɗin ne ke rufe kaifin. Wannan ke sa mutane su yi ta ƙarawa har abinci ya yi baƙi ya yi gishiri. Ki fara da kashi uku cikin huɗu na abin da kika saba, ki ɗanɗana, sannan ki ƙara.

Inda tamari ya yi fice shi ne wurin da wuta ta haɗu da zaƙi. In ya ji zafi yana komawa ja mai sheƙi, ya manne a jikin nama. Shi ya sa a Nagoya da shi ake shafa gasasshen unagi, wani dogon kifi mai kitse, a shahararren abincinsu hitsumabushi, kuma masu gasa biskit ɗin shinkafa da ake kira senbei suke nemansa don launi. A Kuwana suna dafa wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo da tamari da citta har ruwan ya ƙafe, abin ya daɗe bai lalace ba. Ga yadda za ki ga wannan da idonki a kan cinyar kaza. Ki cire ƙashi daga cinyoyi huɗu ki bar fatar, ki tsane su da kyau. Ki ɗora kasko da ɗan mai kaɗan, ki kwantar da su fata a ƙasa, wuta matsakaiciya, kada ki taɓa har fatar ta yi ja ta saki kaskon da kanta. Ki juya, ɗaya gefen ya kusa nuna. Sai ki tsiyaye kitsen da ya fito, wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma in kitse ya yi yawa haɗin ba ya kama nama. Ki riga ki haɗa babban cokali 2 na tamari, 1 na zuma, 2 na ruwa, da ɗan gurzajjen ɗanyar citta. Ki rage wuta ki zuba. Da farko zai yi ƙananan kumfa kamar ruwa, bayan minti biyu ko uku kumfar za ta girma ta riƙa fashewa a hankali, a lokacin ne za ki riƙa ɗebowa da cokali kina zubawa a kan naman. Da kin ja cokali a gindin kaskon kika ga hanya ta buɗe ba ta rufe nan take ba, ki sauke. In kika ƙara minti ɗaya zumar za ta ƙone ya yi ɗaci. Wannan ita ce hanyar yin teriyaki, kuma da tamari ya fi kyau fiye da da koikuchi. Haɗin nan yana tafiya da tarwaɗa da kifi mai kitse, yana kuma tafiya da awara, wadda dama 'yar wake ɗaya ce da shi: ki soya ta ta yi ɓawo, ki juya ta cikin haɗin, ki barbaɗa soyayyen riɗi da yankakken lawashi. In kina son ɓawon ya ƙara ƙarfi, garin sitacin masara ko na rogo za ki shafa, ba fulawa ba.

A soyayyar shinkafa, tun da ƙamshin tamari ba mai tashi ba ne, sai kin taimaka masa. Kada ki zuba a tsakiyar shinkafar. Ki tura ta gefe, ki zuba tamarin a jikin kaskon inda ya fi zafi, ya yi ƙara ya tafasa na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ki juya shinkafar ta kwashe shi. Wannan ɗan ƙonewar ce ke ba da ƙamshin da alkama ke bayarwa a wancan. Ƙaramin cokali 2 ya isa shinkafar mutum biyu. Ɗigon man riɗi ko matsin lemun tsami bayan an sauke yana buɗe ɗanɗanon.

A dahuwa mai tsawo, irin farfesun nama ko naman da ake so ya yi laushi cikin romonsa, tamari ya fi jure wuta, domin abin da ke cikinsa ba mai bin tururi ba ne. Japanawa suna da tsarin zuba kayan ɗanɗano: sukari da fari, sai gishiri, sai ruwan tsami, sai soya sos, miso a ƙarshe. Hikimar ita ce in gishiri ya riga shiga nama ko kayan lambu, zaƙi ba ya samun hanya. Da tamari ina raba shi biyu, rabi a tsakiyar dahuwa don ya ratsa, rabi dab da saukewa. Wajen jiƙa nama kafin gashi kuwa, minti 30 zuwa awa ɗaya ya isa yankakken nama. In ya kwana a ciki gishiri zai zuƙe ruwansa ya yi tauri. Dafaffen ƙwai ne ke son kwana: ki ɓare, ki sa a haɗin tamari kashi ɗaya, ruwa kashi biyu, ɗan sukari, ki bar shi a firji zuwa safe. Yara suna son sa a kan farar shinkafa.

A Japan sanannen aikinsa shi ne dangwala ɗanyen kifi, musamman mai jan nama irin tuna, don kaurinsa na sa ya kama yankan kifin ya kuma danne ƙarni. Ko ba kya cin ɗanyen kifi, darasin yana da amfani: tamari yana da daɗi a yadda yake, ba sai an dafa ba. Cokali ɗaya da lemun tsami da dakakkiyar tafarnuwa da ɗan attaruhu ya zama abin dangwala gasasshen nama ko kokwamba.

Akwai inda ba na sa shi. Duk abincin da kyansa a haskensa yake, kamar romo garai-garai, farin kabeji, ko farin kifi da aka turara, tamari zai mayar da shi ruwan ƙasa ya danne ɗanɗanonsa. Don irin wannan ne masu girkin Kyoto suke amfani da usukuchi, wanda ke da alkama, saboda haka ke gishiri za ki sa da ɗigo biyu ko uku na tamari. Ba kuma na ganin dalilin zuba shi a miyar kuka ko ta kuɓewa. Daddawa ta riga ta yi wannan aikin, babu alkama a cikinta, kuma ƙamshinta ne miyar ke nema. Abin da ya kamata ki sa wa ido a abincin gida shi ne taliya da kuskus da semo da burodi da finkaso da alkaki, sai kuma injin niƙa na unguwa, inda ake niƙa alkama a bi da masara ko gero ba a wanke ba. Haka in kin je gidan abincin Japan, kada tamari a kan tebur ya sa ki saki jiki: taliyar udon alkama ce zalla, yawancin taliyar soba ana haɗa ta da alkama, ɓawon soyayyen abincin da ake kira tempura ma fulawa ne.

Gishirinsa ba abin wasa ba ne. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da sodiyam kusan miligiram 1,000, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai miligiram 2,000 a yini, wato gishiri giram 5, na yaro kuma ƙasa da haka. In tamari ya shiga tukunya, gishiri da dunƙule su ragu ko su fita gaba ɗaya, kuma za ki ga ba a yi kewarsu ba. In akwai mai hawan jini ko ciwon ƙoda a gidan, akwai tamari mai ragaggen gishiri. Wanda kuma waken soya ne jikinsa ba ya karɓa, tamari ma na waken ne, yana iya yi masa illa, wannan matsala ce dabam da ta alkama.

Ki sayi ƙaramar kwalba, ko da babbar ta fi araha a lissafi. Iska ce abokiyar gabarsa: da an buɗe yake fara ƙara duhu, ɗanɗanonsa na dusashewa, zafi irin namu kuma yana gaggauta hakan. Ki rufe da kyau ki sa a firji, ki yi ƙoƙarin ƙarar da shi cikin wata biyu ko uku. In wuta ba ta zama, ki ajiye shi a wuri mafi sanyi da duhu a ɗakin, nesa da murhu. Wanda ba a sa wa barasa ba yakan yi wani farin yanayi a sama in ya daɗe a waje. Yis ne mai son gishiri, ba guba ba ne, amma yana ɓata ƙamshi, sai ki tace da tsabtataccen ƙyalle ki yi amfani da sauran a abin da za a dafa. Ki kuma ware wa yarinyar kwalbarta da cokalinta in har sauran mutanen gida za su ci gaba da mai alkama, ko da yake ni da za ki bi tawa, gidan gaba ɗaya ya koma tamari, tukunya ɗaya ta ishi kowa.